Mai Takaba Ba Ta Fita

Idan ka tambayi mutanen Fagge wane ne Alhaji Sammani, abu na farko da za su ce maka shi ne mutum ne wayayye. 'Yan Kantin Kwari, inda yake sayar da atamfa a kan sari, sun ce tun kafin sojoji su koma bariki ya riga kowa sanin ma'anar dimokuraɗiyya. Mai shayin bakin layinsu ya ce Alhaji ba ya buɗe baki ya rufe bai ambaci wayar da kai ba. Liman ya ce shi ya saya wa masallaci lasifika, ladan kuma ya ƙara da cewa Alhajin ya fi kowa amfani da ita. Matan unguwa ba su san shi ba sai daga nesa, amma sun shaida ba a jin hayaniya a gidansa, kuma a wurinsu gidan da ba a jin hayaniya gidan lafiya ne.

Da mulkin farar hula ya kankama, kwamitoci suka riƙa tsirowa kamar ciyawar damina. Aka kafa na yaƙi da cutar ƙanjamau a unguwa, aka ba shi shugabanci. Ya je taron bita a wani otal, ya dawo da riga mai rubutu a ƙirji da jaka mai igiya. Daga ranar, ko a wajen ɗaurin aure aka ba shi dama sai ya rufe da cewa, "Jama'a, a je a yi gwaji. Gwaji ba abin kunya ba ne."

A cikin wannan shekarar ƙanensa Abdulƙahhar ya rasu.

Abdulƙahhar direban babbar mota ne, yana ɗauko wa 'yan kasuwa kaya daga Legas. Ya kwanta da tari da rama, aka yi ta ba shi rubutu ana kiran mai kemis yana yi masa allura a ɗaki, har rai ya yi halinsa. Ba a kai shi asibiti ba. Alhaji ya ce asibitin yanzu mutum ya shiga da zazzaɓi sai ya fito da suna. Marigayin ya bar matarsa Yagana da jaririya Jawahir, wadda ko zama ba ta fara ba. Dangin Yagana suka zo daga Maiduguri suka yi gaisuwa suka koma, ita kuma ta zauna takaba a ɗakin mijinta, a ƙarshen tsakar gidan Alhaji.

Washegarin sadakar bakwai, Alhaji ya zo ƙofar ɗakin. Bai taka dokin ƙofa ba. Ya tsaya can baya kamar mai leƙa rijiya, matarsa Hajiya Zaituna tana bayansa da zanen goyo a hannu.

"Yagana, kina ji na?"

"Ina ji, Alhaji."

"Ba wai an ce wani abu ba ne. Ba wanda ya ce komai. Amma ni da Allah ya nufa na san abin da wasu ba su sani ba, an gaya mana a taron bita cewa abin yana bi ta nono. Rigakafi ya fi magani. Ki miƙa wa Hajiya yarinyar nan."

Jawahir tana kan nono a lokacin. Yagana ta ɗago kai.

"Wane abu, Alhaji?"

"Abin."

"Ni ba a ce mini marigayi yana da wani abu ba."

"Ai ba a ce ba shi da shi ba."

Sai ta ce, "To a kai ni a gwada ni mana. In an ce ina da shi, wallahi da kaina zan cire ta."

Alhaji ya jinjina kai kamar malamin da ɗalibi ya burge.

"Madalla da wannan tunani. Da matan ƙasar nan duk irinki ne da mun huta. Sai dai kin manta abu ɗaya. Mai takaba ba ta fita."

Yagana ba a yi mata tarbiyyar musu da wan miji ba. Ta zare nonon daga bakin yarinyar, ta miƙa ta. Hajiya ba ta karɓa hannu da hannu ba. Ta shimfiɗa zanen a ƙasa ta ce a ajiye mata, sannan ta kai yarinyar bakin famfo ta wanke ta da sabulun wanki, har cikin baki.

Kafin azahar an ware wa Yagana kwanonta da kofinta da butarta. Hajiya ta ɗiga wa kowanne jan farce don kada a yi kuskure. Aka ɗaura mata igiyar shanya tata ita kaɗai a bayan ɗaki. Abinci kuwa ana ajiye shi a ƙofa, a turo da ƙafa. Hajiya ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ko sau ɗaya. Kullum cikin lallashi take magana.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ba ƙyama ba ce, tsafta ce. Tsafta kuwa cikon addini ce."

Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse. Duk sanda Jawahir ta yi kuka a ɗakin Hajiya sai gaban rigar Yagana ya jiƙe sharaf. Ta riƙa tatsewa a kofinta tana cije leɓe. Hajiya ta ce kada a zubar a rariya, kaji suna sha a nan. Sai Yagana ta riƙa tona rami da wuƙa a bayan ɗaki tana binne abincin 'yarta, yayin da 'yar take can tana ture fidar madara da harshe.

Zazzaɓin nono ya rufe ta. Ta kwanta tana rawar ɗari cikin zafin Kano.

"Ka gani ko, Alhaji?" in ji Hajiya a tsakar gida, da muryar da ta ɗauka raɗa ce. "Haka na marigayi ya fara."

"Allahu Akbar," in ji Alhaji. "Da ban je taron bitar nan ba da yanzu mun yi asarar yarinya."

Hajiya tana da nata gwajin. Ta samo wani awarwaron roba, kowace safiya ta cilla shi cikin ɗakin ta ce Yagana ta saka ta tura sama, a ga inda zai tsaya.

"Hajiya, ina takaba. Ba na sa kayan ado."

"Wannan ba ado ba ne, awo ne. Tura mu gani."

Da farko a tsakiyar hannu yake cijewa. Da kwanaki suka tafi ya kai gwiwar hannu, ya wuce. Macen da aka raba da jaririyarta, take cin tuwon da aka turo da ƙafa, ba a tsammanin ta yi ƙiba. Amma Hajiya sai ta kama haɓa ta ce, "Inna lillahi. Ya wuce na jiya." Daga nan ta sa a ɗauko awarwaron da tsinke a jefa a ruwan zafi.

Yagana tana haɗa turaren wuta da humra irin na mutanen Barno, kuma a da matan Fagge har layi suke yi a ƙofarta. Yanzu ƙafa ta ɗauke. Ba wanda ya faɗa wa kowa komai, gidan Alhaji ba a jin hayaniya. Kawai dai in baƙuwa ta nufi ɗakin sai Hajiya ta ce, "Ki gaishe ta daga nan, ba ta jin daɗi," ta kuma kaɗa ido. Kaɗa idon Hajiya ya fi lasifikar masallaci nisa. Ba a daɗe ba mai shayi ya fara kiran layin da suna layin kabari kusa, in Alhaji ba ya wurin.

Wata safiya Yagana ta ji takun Alhaji zai fita kasuwa, ta durƙusa a bakin ƙofarta.

"Alhaji, barka da asuba. Jiya na ji wani malami a rediyo ya ce mai takaba tana iya fita in da lalura."

"Gaskiya ya faɗa. Lalura ta rashin lafiya. Ke kuwa kullum cewa kike lafiyarki ƙalau. Mai lafiya me zai kai ta asibiti?"

"To in lafiyata ƙalau a ba ni 'yata."

"Wa ya ce lafiyarki ƙalau? An gwada ki?"

Ya gyara hularsa ya fita, yana mamakin yadda mata ba sa gane magana mai sauƙi.

Ainihin dalilin bai ɓuya ba, domin katangar da ke tsakanin bayan ɗakinta da tagar Alhaji ba ta da kauri. Tana shanya zanenta ta ji shi yana yi wa Hajiya bayani.

"Ɗakin gwajin nan kowa ya san ƙofarsa. Ga zaɓen kansila yana tafe, jama'a sun matsa sai na fito. A ga matar ƙanena a kan bencin nan, gobe 'yan hamayya su hau mota suna waƙa da sunana. In sakamako ya fito ba daɗi, shi ke nan, gidan shugaban kwamiti ne ya fara. A bari a wuce zaɓe."

"Ni 'ya'yana mata nake ji," in ji Hajiya. "Wa zai zo neman aure gidan da aka ce an yi gwaji?"

Mutum ɗaya ce kaɗa idon bai yi aiki a kanta ba. Sista Veronica ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. A Kano aka haife ta, Hausarta har da karin magana, kuma ta daɗe tana sayen humra a wurin Yagana. Ta zo gaisuwar da ba ta samu yi ba tana can garinsu bikin ƙanwarta. Hajiya ta ce ta gaishe ta daga nan, ta kaɗa ido.

"Hajiya, wani abu ya faɗa miki a ido ne? Kawo in hura miki," in ji Veronica, ta cire takalmi ta shige ɗakin.

Ta zauna a tabarmar Yagana, ta dafa goshinta, ta duba ƙirjinta. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ba.

"Maman Jawahir, wannan zazzaɓin nono ne, ko akuya aka raba da ɗanta haka za ta yi. Ba na ce miki ba ki da ciwon ba, ba na ce kina da shi ba. Ido ba ya gani, awarwaro ba ya gani. Shi ma marigayi, tarin fuka yana ramar da mutum, ciwon suga yana ramarwa. Tunda ba a kai shi ba, sai Allah."

Ta jira Alhaji ya dawo cin abincin rana. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce tunda takaba ta hana fita, ita za ta zo da sirinji ta ɗebi jinin a nan ɗaki, ba wanda zai ga kowa a kan benci.

Alhaji ya yi murmushi irin na manyan taro.

"Sista, ni da ke aiki ɗaya muke yi, kin sani. Amma jinin gidana ya ratsa titi ya shiga Sabon Gari a cikin kwalba? Wa zai riƙe kwalbar? Wa zai rubuta suna a jiki? Kuma malamai ba su gama tantance ko jinin mai takaba yana fita ba."

"Alhaji, jinin ma takaba yake yi?"

"Kin ga, wannan fanni ne na addini. Ba zan shiga naku ba, kada ki shiga namu."

Da za ta tafi ta nemi ganin yarinyar, Hajiya ta ce barci take yi. Veronica ta leƙa ɗakin Yagana ta ce, "Kin san wurin aikina. Ƙofarmu ba ta da mai gadi."

Jawahir ba barci take yi ba. Tun da aka sa ta a madarar gwangwani cikinta ya ɓaci. Hajiya tana dama madarar da ruwan 'yan garuwa, tana tsinka ta don gwangwani ya yi auki, in ta ƙare ta zuba koko a fidar. Fidar kuwa tana yini a kan tabarma ƙudaje suna ziyara. Yarinya ta kama gudawa da amai. Daga bakin ƙofarta Yagana tana kallon tsummokin da ake shanyawa a igiyar masu lafiya, kullum suna ƙaruwa.

"Hajiya, gudawa take yi?"

"Haƙori ne. Ni da na raini shida za ki koya wa raino?"

"Don Allah ki ɗago mini ita in gan ta, ko daga nan ne."

"Sai ta gan ki ta tuna nono, ki ɓata mini wahalata."

A cikin waɗannan kwanakin nonon Yagana ya daina zuba. Ta matsa, ta sake matsawa, ba ko ɗigo. Kukan yarinyar ma ya sauya. Da in ta tsandara har maƙwabta suna ji, yanzu sai wani ɗan siririn sauti kamar na kyanwa a bayan buhu. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, yarinya ta fara sabawa.

Ranar babban gangamin kwamiti ta zo. Tun da safe aka ɗaura lasifika a kan motar Alhaji, ya sa rigar taron bita a kan babbar riga, ya fita. Hajiya da mata masu taya aiki suna tsakar gida a kan tukwanen shinkafar 'yan gangami, Jawahir tana goye a bayanta, kanta yana lilo. Da Hajiya ta sunkuya juya tukunya hular yarinyar ta zame. Yagana ta hango tsakiyar kan 'yarta ya lotsa kamar an danna da babban yatsa.

Ta koma ɗaki, ta yafa mayafin takabarta, ta fito.

"Ke! Ina za ki?" Hajiya ta tare hanyar zaure da muciya a hannu.

Yagana ta ci gaba da tafiya, kai tsaye, kamar ba mutum a gabanta. Da ya rage taku biyu jikinsu ya haɗu, Hajiya ta yi tsalle gefe ta taka wutsiyar itace. Matan suka dare kamar an wurgo maciji. Ashe duk tsawon zaman nan ba mai iya riƙe ta a gidan. Ba mai iya taɓa ta ma.

Da ƙafa ta tafi. Ta ratsa Fagge ta fito shataletalen Bata, inda ta tarar hanya ta cushe. 'Yan acaɓa suna ta hon, 'yan talla sun taru, ga motar Alhaji a tsakiya, shi yana tsaye ta cikin rufinta da abin magana a hannu.

"Jama'ar Kano! Lokacin duhu ya wuce! Kada wanda ya hana matarsa! Kada wanda ya hana 'yarsa! Kada wanda ya hana ƙanwarsa! Duk mai ji na, namiji ko mace, yau, ba gobe ba, a je a yi gwaji!"

Aka tafa. Yagana ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta raɓa ta gefen motar ta tsallaka Sabon Gari.

Abin da aka yi ta ja a kansa bai kai zafin cizon cinnaka ba. Veronica ta zaunar da ita, ta yi mata bayanin abin da kowane sakamako yake nufi, ta tambaye ta tun yaushe rabonta da mijinta. Yagana ta sunkuyar da kai ta ce tun cikin Jawahir bai tsufa ba ya kwanta. Aka ɗebi jinin. Ta zauna a benci tana kallon wata mata tana ba ɗanta nono. Kafin a kira la'asar Veronica ta fito ta kama hannunta biyu.

"Babu, Maman Jawahir. Ba ki da shi."

Yagana ba ta yi murna ba. Ta ce, "Sista, maɗigar Jawahir ta faɗa."

Veronica ta saki hannunta ta ɗauki jaka.

Sun tarar Alhaji ya riga su isowa, labari ya same shi a wurin gangami. Yana tsaye a tsakar gida da rigarsa mai rubutu, muryarsa ta dushe.

"Da takaba a kanki! A tsakiyar Bata! Wa ya ba ki izinin fita?"

"Kai ne, Alhaji. Ka ce duk mai jin ka. Ina daf da motar, na ji ka sarai."

Ɗaya daga cikin masu wanke tukwane ta tuntsire da dariya, ta mayar da ita tari.

Veronica ta faɗi sakamakon a gaban kowa, da izinin mai shi, ta miƙa takardar. Alhaji ya karɓa da yatsa biyu ya duba sama da ƙasa.

"Takardar Sabon Gari? Nan da har shaidar digiri ake bugawa? To ko da gaske ne, an gaya mana a taron bita ciwon yana ɓuya wata uku kafin ya bayyana. A bari a sake."

"Alhaji, mijinta tun kafin ta haihu yake kwance ba ya iya juyi. Wata ukun ya wuce ya sake wucewa."

"Subhanallahi! Wannan wace irin magana ce a gaban iyali?"

Yagana ta bar su suna yi. Ta nufi Hajiya, ta zagaya bayanta, ta kwance zanen goyon da hannunta. Hajiya ta ƙwalla ƙara, "Ta taɓa ni! Alhaji, ta taɓa ni!" Yagana ta rungume 'yarta. Ba nauyi. Idanun sun faɗa, leɓen ya bushe, fatar ciki in an ja ba ta komawa.

Veronica ta duba sau ɗaya ta ce, "Mota. Yanzu."

Alhaji ya ce motar tana can da lasifika a kai, yara suna zagayen Kwaciri, kuma bai kamata a ga motar kwamiti a ƙofar asibiti ba, sai a yi wata fassara. Suka fita suka tare acaɓa.

A asibitin an sha wahala kafin a sami jijiya, sai a kai aka samu. Aka ɗaura ƙarin ruwa. Veronica ta ce Yagana ta sa ta a nono ko ba komai, wani lokaci tsotso yana dawo da shi. Ta sa ta. Jawahir ta buɗe baki ta kama, ta ja sau ɗaya a hankali, ta saki. Ba abin da ya fito, ita ma ba ƙarfin sake nema. Likita ya ce da an kawo ta tun farkon gudawar, da ruwan gishiri da sukari kaɗai ya isa. Washegari da hantsi ta cika.

Gidan Alhaji ya cika da 'yan gaisuwa, har da 'yan jam'iyya. A zaure Alhaji yana amsa ta'aziyya da kyakkyawar fuskar haƙuri. Ya ce wa mutane yarinyar dama tun haihuwa ba ta da ƙwari. Ya ce wa liman kwana ne ya ƙare. Ya ce wa 'yan kwamiti, a hankali, yana so a sani cewa gidansa ne na farko a unguwar da aka yi gwaji aka fito lafiya, domin shugaba da kansa yake farawa. A cikin gida Hajiya tana sharar hawaye tana nuna wa mata gwangwanayen madara da ta tara a bayan ƙofa.

"Ku duba. Tsakani da Allah na raine ta. Ko barci ba na yi."

Wata ta kawo wa Yagana ruwa a kofin gida, marar jan farce, ta ajiye kusa da ita ba tare da ta dube ta ba.

Inna Kubura, tsohuwar maƙwabciya da ta yi wa yarinyar wanka, ta naɗe ta a likkafani. Alhaji ya shigo ɗaukar gawa. Tsohuwar ba ta miƙa masa ba. Ta dube shi, ta dubi Yagana da ke zaune a ƙofar ɗakinta.

"Alhaji, ba ka ce wa baiwar Allah nan komai ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya gyara hannun riga. Ya sake gyaran murya.

"To, Yagana. Sai haƙuri. Kowa ya yi iya saninsa, kuma niyya ake dubawa. Wannan darasi ne ga al'umma baki ɗaya a kan muhimmancin wayar da kai. Maganar fitar da kika yi kuma, na yafe miki."

Inna Kubura ta juya wajen Hajiya. Hajiya ta sa fuska a mayafi ta ƙara sautin kuka.

Yagana ta tashi. Ta zo ta miƙa hannu, tsohuwar ta ɗora mata ɗan ƙunshin farin ƙyalle. Ta riƙe shi a ƙirji yadda ake riƙe mai shan nono, ta kai bakinta inda kunne yake. Amma ba raɗa ta yi ba. Har mazan da ke zaure sun ji.

"Jawahir, ki yafe mini. Ranar da aka ce in miƙa ki, kina kan nono, da hannuna na zare ki na ajiye a ƙasa. Ina jin kukanki ina zaune ina jiran izini. Ƙofa a buɗe take, ni ce ban tashi ba. Ki yafe mini, 'yata. Ki yafe wa uwarki."